Gaisuwar Tsaye

Tafkin kan dutse ya sake sako iskar nan mai guba ranar Laraba. Ba ta da wari, kuma a ƙasa take kwanciya, shi ya sa hukuma ta hana durƙuso a kwarinmu. Kowa da 'yar fitila ɗaure a gwiwa, in ta mutu sai ka nufi tudu.

Na raka ƙanena Tanimu gaida surukinsa, Malam Bawuro. Muna isa ƙofar gida fitilunmu suka mutu.

Tsohon ya ce, "Gaishe ni a tsaye, ɗana."

"Haba Baba, ina ni ina tsayuwa a gabanka?"

Na ce, "Kai, bar wautar nan."

Ya durƙusa. Bai ƙarasa "ina wuni" ba ya kife. Mu biyu muna tsaye a kansa, ba mai iya sunkuyawa ya ɗago shi.