Shafin da Ya Ɓata a Bukkar Tolhurst

Noeline ta sake shigowa rungume da itace, alhali akwatin da ke gefen murhu ya cika har ya yi tozo. Haka take yi duk shekara.

Ranar ce Bukkar Tolhurst ta cika shekara ɗari, mutane sun taru a cikinta don biki. Makiyayan shanu ne suka gina ta can kan tsauni, tun kafin a mayar da wurin gandun daji. Ba a kulle ƙofarta, kuma dokarta ɗaya ce: itacen da ka ƙona, ka saro madadinsa kafin ka tafi, don ba ka san wanda sanyi zai koro bayanka ba.

Bronwyn, 'yar Noeline, ce ke rubuta tarihin bukkar. Ta baje tsofaffin littattafan da baƙi ke sa hannu, tana ta mita. Shafi ɗaya ya ɓata, na Yulin 1994, tsakiyar hunturu a ƙasar, makon da guguwar dusar ƙanƙara ta koro mahaifinta Clarrie cikin bukkar ya tarar da akwatin wayam, ko tsinke babu. Yatsun hannu uku ya rasa saboda tsananin sanyin.

Mutane suka kewaye Clarrie, kowa da kofin shayinsa. Ya ɗaga hannun.

"Ni fa riba na ci," in ji shi. "Ina kwance a asibiti a garin Cooma, sai ga wata yarinya da ban taɓa gani ba, da gwangwanin biskit, wai daga coci aka aiko ta. Cocin nan bai daina aike ba har sai da na aure ta."

Aka kwashe da dariya, ana kallon matarsa. Noeline dai ba ta ɗago ba.

"Baba, ka bar wasa," in ji Bronwyn. "Wanda ya bar akwatin nan wayam ya jawo maka wannan, sai na tono shi. Sunansa zai shiga littafin nan, duniya ta karanta."

Noeline ta fice, ta ɗauki gatari. Ta kai sara, ta kuskure. Ta sake kaiwa, ta sake kuskurewa.

Clarrie ya biyo ta, ya riƙe ƙotar da yatsu biyun da suka rage masa.

"Ya isa haka, Noel. Shekara talatin kina cika akwatin nan. Shafin ba zai samu ba, ni na yage shi ranar, na ƙona don in ɗan ji ɗumi." Ya sassauta murya. "Amma sai da na karanta sunanki."