Ƙaurin Kuloci a Gangaren Kogi

Shekarar da aka yi mini kaciya, Kawu Sale ya ɗauke ni a motar gyaɗar da yake tuƙa wa wani attajiri. Mun baro Lajawa da la'asar, mota cike da buhuna, ina zaune a gefensa.

Da muka kama gangaren kogin Wudil, ya taka birki, birki ya ƙi ci. A ƙasa kuwa ga mata suna wanki, yara na wasa kusa da su.

Kawu ya sha yi wa ƙananan direbobi faɗa cewa ba a jefa mota a giyar ƙarfi tana cikin gudu, don kuloci ne zai tafi. Ranar nan shi da hannunsa ya jefa ta. Motar ta yi kururuwa, ta rage gudu, ya samu ya karkatar da ita cikin rairayi, ta tsaya.

Sai wani ƙauri ya cika mana hanci, kamar na fatar da ta faɗa wuta. Wata tsohuwa ta taso tana cewa, "Kai direba, saura kaɗan ka ɓata mini wanki!"

Kawu ya yi dariya. Ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, abincinmu ne ya ƙone. Ka ce alhamdu lillahi."

Har yau in na ji ƙaurin nan a gareji, sai na yi masa addu'a.

An rasa kuloci, da buhu biyu da suka fashe, da aikin Kawu. Ba a rasa rai ba.