Muryar Sagiru a Tsakar Gida

Shekara tara ke nan da hana lasifika a garinmu. Kowa da abin kunnensa, wanda ke gyara magana kafin ya isar da ita, don kada ran mai saurare ya ɓaci.

Da hantsi saƙon Sagiru ya iso daga Agadas. Matarsa ta ji ya ce lafiyarsa ƙalau. Ƙanwarsa Ladidi ta ji ya ce yana nan tafe. Mahaifiyarsa, Inna Tabawa, ba ta yarda da ko ɗaya ba.

"Ladidi, ɗauko tsohuwar kwamfutar babanku, ki fito mini da muryar nan waje."

"Inna, za a ji mu fa."

"A ji mana."

Ladidi ta zare wayar kunnen, ta taɓa alamar lasifika. Muryar Sagiru ta cika tsakar gida, har da tarinsa da in'inarsa. Ya sha zazzaɓi, ya warke, yana kewar tuwon Inna.

Abin kunnen Inna da ke kan tabarma ya soma kiran sunanta a hankali. Ta kifa masa ƙwarya.

"Yanzu na ji yarona. Ƙaro murya, maƙwabta ma su ji."