Azurfa Miliyan Uku

"Me ka tara?" mahaifin budurwata ya tambaye ni.

Bakina ya suɓuce. "Miliyan uku, Baba."

Ba ƙarya na yi ba. Ina da su, amma a wasan jarumai na waya, inda nake tashi sama ina ceton mutane.

Tsohon ya cire tabarau. "Zinare ko azurfa?"

"Azurfa," na ce.

"Madalla. Zinare da kuɗin gaske ake sayensa, aikin almubazzarai ne. Azurfa kuwa, sai ka ceci mutum a ba ka goma. Mai wannan haƙurin zai iya zama da 'yata."

Ya leƙa ƙofa, ya rage murya.

"Turo min azurfa dubu biyar. Uwarta ta ƙwace min katin banki."