Zenon da Mai Keke

"Fada, na yi zunubi," in ji Zenon, gwiwoyinsa a ƙasa, bakinsa dab da ragar katakon da ta raba shi da limamin cocin. "Na zagi mutum."

"Wa ka zaga, ɗana?"

"Wani mara kunya mai kiran kansa Mai Keke. Duk abin da na rubuta a shafina na intanet sai ya biyo ni da gyara. Jiya na kare dokar rufe shaguna ran Lahadi, ya ce na ɗora wa Fafaroma maganar da bai faɗa ba. Mabiyana suka yi ta dariya. Na ce masa jaki, ɗan kwaminis, wanda bai taɓa taka ƙofar coci ba."

"Ka yi nadama?"

"Ta jakin dai na yi. Sauran ai gaskiya ne."

Fada Remigiusz ya ja dogon numfashi.

"Je ka nemi gafararsa a shafin, ka kuma gyara maganar Fafaroman. In ka fita, ka matsar da motarka. Ka tare mini kekena."