Takardar Wani Dutse

Tun safe Mutmainna ta kasa zama a shagonta na atamfa da ke kasuwar Lafiya. Ta shiga, ta fita, ta duba waya, ta mayar jaka, ta sake cirowa. Hoton zoben daimon ne ya hana ta sakat.

Wani ɗan kasuwa mai suna Hizbullahi ne ya turo mata. Shekara biyu yana kawo mata leshi daga Dubai, bai taɓa cutar ta ba. Wannan karon ya zo da zobe a ɗan akwati, da wata takarda mai sheƙi da hatimi, wadda ya ce shaidar masu auna daimon ce ta ƙasar waje.

"Hajiya, gwal ya zama na kowa," in ji shi. "Manyan mata yanzu a daimon suke ajiye dukiya. Ga lamba a jikin takardar, ki duba da kanki."

Mutmainna ba mace ce mai sakaci ba. Ta buɗe shafin masu takardar a wayarta, ta saka lambar. Nan take bayani ya fito: nauyi, launi, tsabta, duk kamar yadda aka rubuta. Ta ɗago ta sake duban zoben.

"Amma ki hanzarta," in ji Hizbullahi. "Akwai wata Hajiya a Keffi da ke jira. Gobe da la'asar zan wuce."

Ta rufe shago, ta tari Keke Napep zuwa Ashige wajen Goggo Dijatu, ƙanwar mahaifinta, wadda ke ajiye mata gwal ɗin da ta gada daga mahaifiyarta. Goggo ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya duba miki dutsen?"

"Goggo, na duba takardar. Ta fito a waya."

"Ban tambaye ki takarda ba. Dutsen nake nufi. In saniya za ki saya, ai sai an kira wanda ya san shanu ya buɗe bakinta."

"Wa ya san daimon a Lafiya? Kafin in je Abuja in dawo, ya wuce ni."

Goggo ta miƙo mata ƙullin gwal ɗin. Washegari Mutmainna ta sayar da shi gaba ɗaya, ta haɗa da rabin jarin shagonta, ta karɓi zobe da takarda. Ko sau ɗaya ba ta sa shi a yatsa ba. Ta ɓoye shi a ƙasan akwati, kullum sai ta buɗe ta leƙa.

Bayan wata takwas, mota ta kaɗe mijinta Ibrahima a kan babur, yana dawowa daga gonarsa a Shabu. Ƙafar dama ta dagargaje. Likita ya ce akwai aikin da za a iya yi a wani asibitin kuɗi a Abuja, amma sai an yi shi cikin kwanaki kaɗan, in ba haka ba sai yankewa.

Mutmainna ta riƙe hannun mijinta ta ce, "Abban yara, ka kwantar da hankalinka. Ina da abin da zai biya."

Da sassafe ta hau mota zuwa Abuja, jaka a ƙirji, ba ta ko sha ruwa a hanya ba. A kasuwar 'yan gwal aka nuna mata shagon wani dattijo, Alhaji Ɗanmusa, wanda ya daɗe yana harkar duwatsu masu daraja. Ya karanta takardar, ya sa ɗan madubi a ido, ya juya zoben. Ya cire dutsen ya ɗora a sikeli. Ya sake juya shi. Mutmainna ta matso kusa.

"Alhaji, lafiya? Takardar ba ta da kyau ne?"

"Takardar gaskiya ce, Hajiya. Amma ta wani dutse ce daban."

"Ban gane ba."

"Dutsen da aka yi wa wannan takarda, an zana lambarta a gefensa, da madubi ake gani. Naki babu ko ɗigo. Nauyin ma bai yi daidai ba. Wannan haɗin masana'anta ne, mai ƙyalli kamar daimon. Gwal ɗin jikin zoben kaɗai zan iya saya, shi ma bai taka kara ya karya ba."

Ta fito waje tana kiran Hizbullahi. Wayarsa a kashe. Ta sake kira, ta sake, tana kai da komo a bakin titi, mayafinta na jan ƙasa. Masu wucewa suna kallon ta, ita ba ta ganin kowa.

Ta dawo Lafiya ta karyar da sauran atamfofin shago, 'yan'uwa suka tara abin da ya samu. Kafin kuɗin su haɗu, ƙafar ta fara wari. Ranar Alhamis aka yanke ta daga gwiwa.

Da Ibrahima ya farfaɗo, ya dubi inda bargo ya kwanta babu komai a ƙarƙashinsa, ya juya fuska bango. Bai zarge ta ba. Wannan rashin zargin ya yi mata zafi fiye da zagi.

Jama'a, takardar shaida bayanin dutse ɗaya take yi, ba ta rantse cewa shi ne aka miƙo muku ba. Kafin ku biya, ku kai dutsen da takardar wajen masani wanda ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ya gwada su tare. Duk wanda ya ce babu lokacin yin haka, ku bar masa kayansa.