Reshen da Baba Ya Sare

Ranar da itacen wardin marigayiyar matarsa ya yi fure, dattijon ya sunkuya ya shinshina. Bai ji komai ba.

Tun rasuwarta yake ba shi ruwa, ko lokacin da rijiyoyin Kontagora suka ƙafe. A da, ƙamshinsa har ƙofar gida yake tarbar baƙo.

Ya kira 'yarsa. "Zo ki ji, ko hancina ne ya mutu."

Ta duba gindin, ta ga tabon sara.

"Baba, wane reshe ka cire?"

"Ramammen nan mana. Yana tauye mai ƙarfin."

Ta shafa tabon da yatsa.

"Mai ƙarfin ai na daji ne, Baba. Ramammen kuwa Mama ce ta ɗaura masa da hannunta, irin auren itatuwa. Shi ne mai ƙamshin."